Yadda Ake Gwada Martanin Ƙwayoyin Kansa ga Matsi a Ɗakin Bincike

Ɗaliban da suke zuwa Jidda daga Kano, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi domin digiri na biyu a ilimin ƙwayoyin halitta sukan iso da karatu mai kyau a ka, amma da yawansu ba su taɓa renon ƙwayar kansa, wato ciwon daji, da hannunsu ba. Sai ga shi tun a watan farko malami ya miƙa wa mutum kwalba ɗaya, ya ce ya nuna masa abin da ƙwayoyin da ke ciki suke yi idan an matsa musu. Domin irin wannan ɗalibi na rubuta wannan bayani, ko yana Jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke garin Suwal a arewa da mu, ko kuma a Riyad yake.

Ƙarin kansa cikin ƙunci yake rayuwa tun daga farkonsa. Yana girma da saurin da jijiyoyin jini ba sa iya binsa, kuma iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiya, abin da Thomlinson da Gray suka lura da shi a kansar huhu tun 1955, sa'ad da suka ga tsakiyar ƙari ya mutu alhali gefensa na kusa da jini yana raye. Ga ƙarancin sukari, ga tsami da yake taruwa, ga furotin da ƙwayar take ƙerawa babu ƙaƙƙautawa har wasu su fito a karkace, sannan likita ya zo ya ƙara mata da magani ko gashin haske. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da na'urar da take jin sa a cikin ƙwayar, ta kuma tayar da martani. Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka taɓa kwalbar nan shi ne, martanin da yake ceton ƙwaya idan matsin ya kasance kaɗan kuma na ɗan lokaci, shi ne dai yake umartar ta da ta kashe kanta idan matsin ya tsananta ko ya daɗe. Wanda ya auna awo ɗaya na magani a lokaci ɗaya, rabin labari ya gani, kuma ba shi da hanyar sanin wane rabi ne.

Ka zaɓi matsi guda ɗaya, kada ka ɗebo da zafi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki matsin sashen naɗe furotin, wanda ake taƙaita sunansa da ER, domin magungunan da suke tayar da shi ba su da tsada, kuma alamominsa suna fitowa sarai. A cikin ER ne ake naɗe furotin da za a fitar waje ko a kafa a fatar ƙwaya, kuma idan waɗanda ba su naɗu daidai ba suka taru, masu gadi uku ne suke farkawa: IRE1, PERK da ATF6. Peter Walter da Kazutoshi Mori ne suka gano na farkon a cikin yis a 1993, kowanne a wurin aikinsa, aka kuma ba su kyautar Lasker a 2014. IRE1 yana yanke harufa 26 daga saƙon RNA na XBP1, sai saƙon ya koma ba da furotin mai ƙarfi da yake ƙara wa sashen ma'aikata. PERK yana liƙa fosfet a jikin eIF2α, furotin da yake fara aikin ƙera furotin, a gurbi na 51, wanda hakan yake rage ƙera sabon furotin gaba ɗaya amma ya buɗe wa ATF4 hanya, kuma ATF4 ɗin ne, idan abin ya ƙi ƙarewa, yake tayar da CHOP mai tura ƙwaya zuwa mutuwa. ATF6 kuwa yana ƙaura zuwa sashen Golgi a datse shi, guntunsa ya shiga cibiyar ƙwaya ya ƙara yawan BiP, furotin ɗin da yake taya sauran naɗuwa.

Daga nan sai ka san ƙwayar da aka ba ka, domin kowane zuri, wato jinsin ƙwayar da ake reno a kwalba, yana da naƙasar da ya zo da ita, kuma naƙasar tana iya cinye tambayarka tun ba ka yi ta ba. Zurin HeLa, wanda aka samo daga jikin Henrietta Lacks a Baltimo a 1951, yana ɗauke da ƙwayar cutar HPV18 wadda take rushe p53, furotin mai gadin DNA, saboda haka bai dace da nazarin martanin p53 ga lalacewar DNA ba. Zurin A549 na kansar huhu yana da tawaya a KEAP1, furotin da yake danne NRF2 mai kare ƙwaya daga sinadarai masu ƙona ta, don haka NRF2 ɗinsa a kunne yake dare da rana, kuma duk wanda ya zuba masa sinadarin da ke ƙona ƙwaya yana jiran ya ga NRF2 ya tashi, zai tarar ya riga shi tashi. Zurin MCF-7 na kansar mama ba shi da kasfes-3 sam, wato furotin da yake zartar da mutuwar ƙwaya, kuma na ga ɗalibar da ta shafe makonni tana neman wannan furotin a cikinsa, tana zargin antibodin da ta saya domin gano shi. Ka nemi a tabbatar maka da asalin zurin ta gwajin STR mai tantance shaidar DNA ɗinsa, ka kuma yi gwajin PCR, mai ninka DNA don a gan shi, domin neman maikofilazma kafin komai, domin wannan ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwa a gani da ido, amma tana cinye abincin ƙwayoyinka, ta bar su cikin matsin da ba kai ka tsara ba.

Wannan ya kawo mu ga inda aka fi yin asara, wato farantin shaida, wanda ba a sa wa magani ba, kuma da shi ake gwada sauran. Wasu abokan aikinmu Larabawa shahid suke ce masa, kuma sunan ya dace, domin shaidar da aka riga aka razana ba ta da amfani a gaban alƙali. Wata Lahadi da safe wani ƙanenmu daga Katsina ya same ni da hoton sakamakonsa a hannu, ya ce: "Yaya, don Allah duba mini wannan. Farantin shaida yana nuna BiP daidai da wanda na sa wa magani." Na tambaye shi yaushe ya dasa ƙwayoyin, ya ce ranar Litinin, kuma bai sake musu ruwa ba, ranar Laraba ya zuba magani, ranar Alhamis ya girbe da gaggawa domin ya kama jirgin ƙasa zuwa Makka ya yi Umra, ya kwana wurin 'yan'uwa a Shara Mansur. Muka buɗe inkubeta, akwatin ɗumin da ake renon ƙwayoyi a ciki, muka ɗauko ragowar kwalbar da ya bari. Ruwan reno mai lafiya ja ne mai haske kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, amma nasa ya koma rawaya, alamar tsami ya yi yawa, kuma a ƙarƙashin madubi ƙwayoyin sun cika ƙasa sun hau kan juna, wasu sun saki suna yawo. Na ce masa: "Ƙanena, ai yunwa ta riga maganinka aiki." Ɗaya sunan BiP shi ne GRP78, kuma an raɗa masa shi ne tun asali saboda yana ƙaruwa idan sukari ya ƙare.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ka dasa ƙwayoyin da yawan da zai sa su rufe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na farantin a ranar da za ka zuba magani, ka kuma sake musu ruwa mai ɗumi 'yan sa'o'i kafin nan, duka farantan a lokaci guda. Tunda hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, abin da ya fi sauƙi shi ne dashe ranar Lahadi, magani ranar Litinin, girbi ranar Talata, sai Laraba da Alhamis su zama na awo. Ka duba takardar da ke jikin kwalbar ruwan renon ma, domin ruwan reno na DMEM mai yawan sukari yana da giram 4.5 a lita, fiye da ninki huɗu na abin da ke cikin jinin mutum mai lafiya, kuma akwai mai giram 1. Duk wanda ka fara da shi, kada ka sauya shi a tsakiyar aiki.

Zafin garin nan ma matsi ne, kuma ni kaina ya taɓa kama ni. A wani watan Yuli na karɓo kwalba biyu daga wani ɗakin bincike, na ajiye su a kujerar mota na shiga masallaci domin sallar azahar, ina ganin ai minti ashirin ba kome ba ne. Ƙwayoyin ba su mutu ba, amma HSP70 ɗinsu, furotin da zafi yake tayarwa, ya tashi har ya ɓata mini gwajin da na yi washegari. A ɗakin bincike digiri 42 ko 43 na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ya isa ya tayar da martanin zafi, kuma cikin motar da aka rufe a ranar Jidda ya wuce haka nesa. Shi kansa wannan martani ta irin wannan kuskure aka gano shi, domin a 1962 Ferruccio Ritossa a Italiya ya ga sauyi a kuromosom ɗin ƙudan 'ya'yan itace bayan wani ya ƙara zafin inkubetarsa. Idan dole ne ka ɗauki ƙwayoyi daga gini zuwa gini, ka sa su a akwati mai riƙe yanayi, kuma ka bar su su huta kwana biyu ko uku a digiri 37 kafin ka gwada su.

Idan shaida ta natsu, sai a zo kan magani. Tunikamaisin yana hana liƙa wa furotin sarƙar sukarin da yake bukata kafin ya naɗu, kuma ana amfani da maikurogiram 1 zuwa 5 a kowace mililita. Tafsigagin, wanda ake samu daga wani tsiro na bakin Bahar Rum, yana toshe famfon da yake cusa kalsiyam cikin ER, kuma nanomola 100 zuwa 1000 sun isa. Ya fi tunikamaisin saurin aiki, amma tunda yana watsa kalsiyam cikin ƙwaya, yana tayar da wasu abubuwan da ba su shafi naɗin furotin ba. Saboda haka duk abin da ka gani da ɗaya, ka nemi tabbacinsa da ɗayan. Dukansu a cikin sinadarin DMSO ake narka su, kuma wajibi ne farantin shaida ya samu DMSO daidai da na sauran, kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100. A zagayen farko ka gwada awo huɗu ko biyar, ka ware wanda ƙwayoyi suke jurewa da wanda yake kashe su, domin da waɗannan biyun za ka ci gaba.

Batun lokaci ya fi na awo muhimmanci, kuma shi ɗalibai suka fi yi wa rowa. Ka girbe a sa'a 0, 1, 2, 4, 8, 16 da 24. Fosfet ɗin eIF2α da yankan XBP1 su ne suke fara bayyana, ATF4 ya biyo baya, BiP da CHOP kuwa sai an jima suke taruwa. Fosfet ɗin nan ba ya zama, domin ƙwayar tana ƙera GADD34 wanda yake sa a cire shi don aikin ƙera furotin ya dawo, shi ya sa wanda ya duba a sa'a ta 24 kawai zai iya rubuta cewa PERK bai motsa ba, alhali ya motsa ya gama tun jiya. Akwai dabarar da take rage wahala: maimakon ka zuba magani sau ɗaya ka yi ta girbi har tsakar dare, ka juya tsarin, ka zuba wa farantin sa'a 24 tun jiya da safe, na sa'a 16 da yamma, sauran kuma bi da bi, sannan ka girbe duka a lokaci guda. Ta haka dukan farantan suke samun tsawon reno iri ɗaya da cikowa iri ɗaya, kai kuma kana iya tsara lokutan zubawa yadda ba za su ci karo da salla ko motar komawa gida ba.

Wajen girbi, ba a fafe gora ranar tafiya: ƙanƙara, ruwan wanki mai sanyi da ruwan fasa ƙwaya duk su kasance a gabanka kafin ka buɗe inkubeta. Ka ɗora farantin a kan ƙanƙara, ka tsotse ruwan, ka wanke sau ɗaya, ka zuba ruwan fasawa wanda ka riga ka sa wa magungunan hana narkar da furotin da na hana cire fosfet, ka kankare. Idan ka manta da na biyun, alamar da kake nema za ta gushe a cikin bututu kafin ka kai ga jel ɗin da ake rarrabe furotin a cikinsa. Ƙwayoyin da suka saki suna yawo a ruwa ma ka tattara su ka haɗa da sauran idan mutuwa kake aunawa, domin su ne suka fi jin jiki.

Awon XBP1 shi ne mafi arha. Ka ciro RNA, ka mayar da shi DNA, ka yi PCR da madogarai biyu, wato gajerun guntayen DNA, da suka sa wurin yankan a tsakiya, sannan ka gudanar da shi a jel mai kauri, agaros kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100, a hankali, domin bambancin harufa 26 ba ya rabuwa a jel mai ruwa-ruwa. Layi biyu za ka gani, na ƙasan shi ne yankakke. Sauran alamomin da Westan bulot ake ganinsu, wato gwajin gano furotin da antibodi, kuma duk lokacin da ka nuna eIF2α mai fosfet, dole ne ka nuna jimillar eIF2α a gefensa, in ba haka ba babu wanda zai san ko fosfet ne ya ƙaru ko furotin ɗin kansa.

Auna mutuwa yana da nasa tarkon. Gwajin MTT, wanda kowa yake so saboda sauƙinsa, kuzarin ƙwaya yake aunawa, kuma ƙwayar da take cikin matsi takan rage aiki da gangan ta lafa ba tare da ta mutu ba, sai launi ya ragu ka ɗauka ka kashe rabi. Ka haɗa shi da ƙirge da shuɗin tirifan, ko rinin aneksin V idan akwai na'urar tantance ƙwayoyi a sashenku. Gwajin da na fi amincewa da shi tsoho ne kuma ba ya cin kuɗi: bayan magani ka wanke ƙwayoyin, ka dasa 'yan ɗaruruwa a sabon faranti, ka jira kwana 10 zuwa 14, ka rina ka ƙirga gungun da suka tsiro. Wannan ita ce tambayar da ta damu likita, wato ko ƙwayar za ta sake hayayyafa bayan an daina ba da magani. Idan faranti mai rami 96 kake amfani da shi, ka cika ramuka 36 na gefe da ruwa kawai, ka yi aiki da 60 na ciki, domin na gefe suna ƙafewa su ƙara gishiri.

Ganin CHOP ya tashi kuma ƙwayoyi sun mutu bai nuna cewa shi ya kashe su ba. Sai ka toshe reshe ɗaya ka ga abin da zai sauya. ISRIB, wanda aka gano a ɗakin binciken Walter a 2013, yana warware tasirin fosfet ɗin eIF2α. 4µ8C yana hana IRE1 yanka. GSK2606414 yana toshe PERK, sai dai yana toshe RIPK1 ma, wanda shi kansa yana da hannu a mutuwar ƙwaya, don haka a tabbatar da sakamakonsa ta hanyar rage PERK da siRNA, guntun RNA mai hana ƙera furotin da aka nufa. A nan ne awo biyun da ka ware suke biyan ka, domin sau da yawa toshe reshe a ƙaramin awo yana ƙara mutuwa, a babban awo kuma yana rage ta.

Wanda malaminsa ya ɗora wa ƙarancin oksijin maimakon ER, duk abin da ya gabata ya shafe shi, da ƙarin abu uku. Furotin ɗin da ake nema, HIF-1α, mai taruwa idan oksijin ya yi ƙaranci, wanda aikin Semenza, Ratcliffe da Kaelin a kansa ya kai su ga kyautar Nobel a 2019, yana rushewa cikin 'yan mintuna da zarar iska ta taɓa ƙwayar, saboda haka ko dai ka fasa ƙwayoyin a cikin akwatin da aka rage wa oksijin zuwa kashi 1 cikin 100, ko ka fito da faranti ɗaya-ɗaya ka fasa nan take. Ruwan reno yana riƙe oksijin na sa'o'i, don haka a sa shi cikin akwatin tun daren jiya. Sannan GAPDH, wanda aka saba gwada yawan furotin da shi, yana ƙaruwa a ƙarancin oksijin, sai a nemi wani ma'aunin ko a rina jimillar furotin. Kobal kulorayid yana tayar da HIF ba tare da ya rage iska ba. Idan shi kaɗai kake da shi, ka rubuta a kundinka cewa kwaikwayo ka yi.

Ka maimaita gwajin sau uku a makonni dabam-dabam da dashe dabam-dabam, domin ramuka uku daga kwalba ɗaya a rana ɗaya gwaji ɗaya ne. Wajen rubutu kuma ka tsaya inda sakamakonka ya tsaya. Gaskiya ne wannan ilimi ya isa gadon asibiti, domin botezomib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003 don kansar ɓargo ta mayeloma, yana toshe injin niƙa lalatattun furotin, sai su taru su danne ƙwayar da dama ta cika da ƙera antibodi. Amma ƙwayar da ke kwance a roba cikin sukari mai yawa da iska mai yawa tana nesa da ƙarin da ke jikin majiyyaci.

Kafin hutun Babbar Salla, lokacin da ɗakunan bincike suke zama wayam, ka daskarar da zurinka maimakon ka bar wa wani amanarsa. Ka ɗauki ƙwayoyin suna tsakiyar girma, ka sa su a ruwan da ke da DMSO kashi 10 cikin 100, ka saukar da sanyi a hankali, kimanin digiri ɗaya a minti, a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, washegari ka mayar da su tankin naitirojin mai ruwa. Ka rubuta sunan zuri, lambar dashe da kwanan wata a jikin kowane bututu da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa, kuma idan ka dawo ka narkar da su, ka dasa su sau biyu kafin ka sake zuba musu tunikamaisin.